Ta'aziyyata a Gaban Idona

Ni magini ne, ɗan magini, a wani gari gabas da Gaya. Zamanin nan mahara na kwasar mutane har a gona, ganuwa kaɗai ke sa uwa ta runtsa. Duk rani mu ake ba gyaranta.

Wata shekara sarkin magina, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce ruwa ya yi nisa, kwaɓin ƙasa zai kashe mu. Ina kallo aka cusa kara a cikin bangon gabas, aka bi da yaɓe sumul. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ya ce, "Maganar magina ba ta wuce bakin ramin ƙasa. Ja bakinka."

Na ja. To amma ran nan da rana tsaka, gari tsit, na jingina da bangon sai na ji ƙus-ƙus-ƙus daga ciki. Gara ce ke cin karan. Ga wata mata ta shimfiɗe jaririnta a inuwar, tana sussuka abinta. Tun daga nan sautin ya bi ni. In na yi sujada shi nake ji a ƙasa, in na kai loma shi nake ji a haƙorana. Wallahi tsoro ya kama ni: tsoron Yaya, da tsoron abin da zan faɗa wa Allah.

Na je na gaya wa mai gari. Aka soka mashi a bangon, ya shige zuruf. Aka tuɓe Yaya, aka ce a rushe a sake.

Washegari na hau bango na miƙa hannu yadda aka saba, a jefo tubali in cafe. Ba wanda ya jefo. Ba zagi, ba harara. Sai na ji wani a ƙasa yana cewa, "Allah ya jiƙan ƙanen maigida, da yana raye nan yake tsayawa." Yaya suke kira maigida, ni ke nan ƙanen. Suka ce amin. Mutanen da muke cin akushi ɗaya fa!

Bayan la'asar Yaya ya yi sallama a gidana. Na miƙe da murna har ina tuntuɓe. Ya wuce ni kamar turmi, ya durƙusa gaban matata, ya ce, "Ya haƙuri?"

Ta dube ni, ta dube shi. Yaya ne, ba a ƙin amsa masa. Ta ce, "Da godiya."