Jar Tutar Baba Bitrus

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maƙwabcina a Makera, Baba Bitrus, mai ɗaga wa jirgin ƙasa tuta. Zan faɗi abin da ya yi mini daki-daki, don ba na son magana a hargitse.

Na farko, laifina. A shekarar da sojoji suka koma bariki, 'yata Habiba tana aji uku na firamare. Sai ta ɗauko wani hali. Ina mata magana za ta ƙura wa bango ido, can ta ce, "Na'am, Baba?" Ni kuwa ba a yi mini haka. Na yi faɗa, na ɗauko dorina. Da malaminsu ya aiko cewa ba ta gane karatu, na ƙudura cire ta daga makaranta a ƙarshen zango.

Na biyu, agogonsa. Ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "Malam Sani, rataye dorinar nan. Na sha auna yarinyar da agogo, shirun nata ba ya wuce daƙiƙa goma. Taurin kai ba ya bin jadawali. Ko jirginmu bai kai ta kiyaye lokaci ba."

Na ce, "Tun da jirage suka rage zuwa ka rasa abin yi."

Ya ce, "Shi ya sa na samu sukunin duba naka aikin."

Na uku, asibiti. Shi ya ja mu. Likita ya ce wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayar da mutum, sauran bayanin kuma ya fi ƙarfin karatuna. A hanya Baba Bitrus ya warware mini. Ya ce ƙwaƙwalwa na da sinadarai masu kai saƙo, wasu koriyar tuta ne, su ce "wuce", wasu ja, su ce "dakata". Idan suka saɓa lokaci, sai tasha ta tsaya cik. "Na yarinya magani zai gyara," in ji shi. "Kai ne abin ji, don da alama ba a raba maka jar tuta ba tun haihuwa." Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Habiba ta sha magani, ta ci gaba da karatu. Yanzu ita ke koyar da lissafi a Unguwar Sanusi. Nakan ce da Baba Bitrus zai ga yaran yau, kowa ya ƙura wa waya ido ana kira ba ya amsawa, da agogon nan ya gaji da aiki.

Bai bar dukiya ba. Matarsa ta ba ni jar tutar, na rataye ta a ƙusar da dorina take a da. Jiya jikata ta fasa mini tabarau. Na dubi tutar, na fara ƙirga goma. Na kai takwas kafin in buɗe baki. Da yana nan, zai duba agogo ya ce an samu ci gaba.