Darasin Gubar Dalma a Zauren Kawuna

Shekarun da gubar dalma ta addabi yara a Bagega, ina koyar da ajin matan aure a Anka, a zauren gidan kawuna. Wata rana ma'aikatan lafiya suka turo mini bidiyo kan gubar a waya, suka ce in nuna wa matan. Dogo ne, ga rubutu, ga kiɗa, ga likita yana ta zuba bayani. Suka kalla har ƙarshe. Da na tambayi abin da suka riƙe, wata dattijuwa da duk ajin ke kira Inna ta ce, "Malama, mun dai ga mutum da tabarau."

Na koma gida raina a jagule. Ina cikin tankaɗe sai na tuna abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai: ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar sabon abu da yawa a lokaci guda, kuma sabon ba ya zama sai an ɗaura shi a kan abin da mutum ya riga ya sani. Don jarrabawa kawai na haddace shi a da. Na ajiye rariya, hannuna duk gari, na jawo waya.

Gajerun saƙonni huɗu na naɗa da muryata, kowanne da hoto ɗaya. Na farko ya ce ƙurar dutsen zinariya, mai ɗauke da dalma, tana tashi kamar garin gero, ta sauka a kwano da hannun yaro. Ɗaya nake kunnawa a rana, in tsaya, kowace ta maimaita da bakinta.

A mako na biyu, zan kunna ke nan, Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗiyata, ni za ni faɗi."

Ta kawo darasin kaf. Sannan ta dafe ƙirji.

"Ashe turmin da munka daka dutse, bai kamata shi koma ga hatsi ba!"

Ban faɗi wannan a ko'ina ba. Ita ta haɗa abinta! Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har kawu ya leƙo yana tambayar ko haihuwa aka yi.

Matan suka yi ta tura wa juna saƙonnin. Bayan watanni na je bikin suna a Bukkuyum, wata baƙuwa ta matso kusa da ni, ta kunna mini muryata.

"Saurara da kyau," in ji ta, "wagga mata ta san abin da taka faɗi."

Na saurara har ƙarshe, na yi mata godiya.