Wanda Baba Ya Tura Paraku

A shekarar da aka shimfiɗa layin dogo a Yamai, ni da taubashina, ɗan ƙanwar Baba, muka gama jami'a. Fanni ɗaya muka karanta, sufuri da jigilar kaya, kuma gida ɗaya muka tashi, don tun yana ƙarami aka kawo shi daga Maraɗi. Ba zan ce na fi shi ƙoƙari ba, amma dai littattafaina yake ara idan jarrabawa ta matso.

Baba ɗan kasuwa ne, atamfa da shinkafa yake shigowa da su daga Kwatano. A lokacin wasu kayan nasa jirgin ƙasa ke kawo su Paraku, inda dogon ƙasar Benin ya ƙare, a sauke su a loda wa kamyo, wato manyan motocin kaya, har Yamai. Dattijon da ke tsaya masa a wurin lodin ya gaji, yana son komawa gida, kuma kowa ya san ɗayanmu za a tura. Aikin nan na sa shi a raina fiye da yadda na taɓa faɗa wa kowa. Shekaru na yi ina karatun tarago da nauyin da yake ɗauka, amma ban taɓa ganin jirgi yana jan kaya da idona ba.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya wasa da ni. Idan zai aike ni, gefe yake kallo ya ce, "A gaya wa wancan." Haka al'adarmu take, ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. Sai dai taubashina yakan zauna a tabarmar Baba ya sa hannu a kwanonsa, su yi ta dariya, ni ina bakin ƙofa. Ina jin tun daga nan abin ya soma cina.

Wata rana bayan la'asar muna ƙofar shago a Wadata, Baba ya ce an yi masa tayin wata magaza, babban ɗakin ajiya, kusa da sabuwar tashar jirgi.

"To, masu boko," ya ce, yana kallon titi, "a kama ko a bari?"

Taubashina ko kofin shayinsa bai ajiye ba. "Kama, Kawu! Jirgi na tafe. Kafin baɗi a ƙofarka za a sauke maka shinkafa."

Ni na roƙi a ba ni lokaci.

"Ga shi nan," in ji taubashina. "Wannan ko ruwa aka miƙa masa sai ya tambayi rijiyar."

Aka yi dariya, har da Baba.

Ban ɗauki tambayar da wasa ba. Na hau kabu-kabu na bi dogon har bayan gari, na ga inda awaki ke kwance a kai. Na yi yawon ofisoshi a unguwar Plateau ina tambaya, kowa na tura ni wurin wani. Abin da na gane shi ne dogon namu a wajen Doso ya tsaya, tsakaninsa da Paraku akwai doguwar tafiya da ba a haɗa ba. Ban ga abin da jirgi zai ɗauko ba muddin bai kai teku ba. Amma ban da tabbacin ba za a haɗa ɗin ba, kuma na ji tsoron in hana Baba alheri.

Da na dawo na durƙusa na yi bayani. Na ce idan an haɗa, magazar za ta yi amfani ƙwarai. Idan ba a haɗa ba, mai yiwuwa ta zama nauyi. Na ce ya danganta da abubuwan da ba a hannunmu suke ba. Baba ya saurara har na gama, sannan ya tambayi taubashina ko direba ya kira daga Gaya.

Baba ya kama magazar. Jirgi bai zo ba, baɗi ta wuce, wata ta biyo. Na yi zaton, ko in ce na yi fata, Baba zai tuna wanda ya yi masa kashedi. Kullum na ji motsinsa a zaure sai in kasa kunne, ina jiran a ce a gaya wa wancan ya shirya. Sai ranar wata Juma'a na shigo gida na tarar da taubashina yana gwada sabuwar jaka.

Ɗan fari ba ya tsare ubansa da tambaya, uwata ma kunyata take ji. Kakata, mahaifiyar Baba, ita na samu a ɗakinta tana ɓare gyaɗa.

"Maigida, wa ya mutu? Ka shigo da fuska kamar an hana ka tuwo."

"Kaka, shi fa ya yi kuskure. Ni ban yi ba."

"Na tambayi ubanka, don na san za ka zo," ta ce. "Ya ce a Paraku idan an buɗe tarago, direba a tsaye yake, ƴan dako a tsaye, tambaya ɗaya suke yi, a loda ko a bari. Ya ce ɗan'uwanka ya ba shi amsa, ta zo ba daidai ba. Kai kuwa ka ba shi biyu, ka bar shi ya zaɓa."

"Amma gaskiya na faɗa."

"Wa ya ce ƙarya ka yi? Ungo gyaɗa."

Har yau ina juya maganar nan. Wani lokaci in ga Baba ya yi daidai. Wani lokaci in ga da ni ne mai zama a tabarmarsa, da wataƙila na iya cewa "bari" kai tsaye, a yi dariya a wuce. Ban sani ba. Wanda aka saba yi wa dariya idan ya yi kuskure, bakinsa ya fi sauƙin buɗewa.

Ni na ɗaukar wa taubashina jaka zuwa tashar mota. Ya dafa kafaɗata a gaban mutane.

"Kada ka damu, bawana. Idan na ga jirgi zan gaishe maka da shi. In ce mai yiwuwa kana gaisuwa, ya danganta."

"Allah ya sa ka loda shinkafar wani," na ce, kuma ban tabbata duka wasa nake ba.

Motar ta tashi. Da na koma gida, ƙanwata ta miƙo mini makullin magazar. Ta ce Baba ya ce a ba wancan, kamyo zai riƙa sauke kaya a can tunda an riga an kama, in riƙa karɓar abin da ɗan'uwana ya lodo.

A nan na yi shekarun da suka biyo, ga dogo a gabana, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafansa. Kafin kowace mota ta iso, taubashina yakan aiko da saƙon murya, kuma sau da yawa ana jin ƙarar jirgi a bayansa. Ina zargin da gangan yake matsawa kusa kafin ya danna, ko da yake ban da hujja. Nakan saurara, in sake saurara, sannan in rubuta masa cewa kaya sun iso lafiya.