Kwandon Dorel

Shekara arba'in ke nan duk wanda ya tsinto naman kaza a dajin ƙauyen Putna sai ya biya ta ƙofar Tanti Veta, goggon kowa. Takan juya kowanne a tafin hannu, ta ware na ci gefe, mai dafi ta wurga cikin murhu. Ba a taɓa binne wanda ya ci abin da ta duba ba, kuma tana son a riƙa faɗa.

Abin da ƙauyen bai sani ba, yanar ido ta rufe mata gani tun bara waccan. Asibiti kuwa ta ƙi, don kada a ji. Sai 'yarta ta aiko mata da waya daga Italiya, irin mai ɗaukar hoton abu ta faɗi sunansa da murya. Tun daga nan Veta takan shige da kwando kicin, wai hasken can ya fi, ta tura ƙofa, ta tambayi waya a hankali kamar mai cin bashin gishiri.

Ranar Asabar Dorel direba ya zo da kwando cike. Washegari za a yi wa jaririyarsa baftisma, mutum talatin za su ci.

A kicin, waya ta ce na ci ne, duka. Amma da Veta ta kai ɗaya hanci sai ta ji wani zaƙi-zaƙi da bai yi mata ba. Ta lalubi gindin, inda mai kisa ke da 'yar jaka, ta tarar an yanke da wuƙa. Ta fito, ta miƙa wa Dorel kwandon.

"Dorel, ina gindinsu?"

"Na bar su a daji, Tanti. Wa ke cin ƙasa?" Ya yi dariya. "Ai tawa wayar ta duba. Matata ce ta nace sai kin sa baki."

"Zubar da su."

"Duka? Haba Tanti! To duba launin, ki nuna mini mai dafin."

Ya miƙo mata ɗaya dab da fuska. Fari ne ko kore-kore, ba ta sani ba. Tsoro ya kama ta, kunya ta fi tsoron. In ta ce a ci, sunanta ya tsira, wataƙila ma ba abin da zai faru.

"Ba na gani, ɗan nan," ta ce. "Shekara biyu ke nan."

Dorel ya ajiye kwandon.

"Na makon jiya fa, wanda mai jego ta ci? Wa ya duba?"

Veta ta zaro wayar daga aljihun zaninta, ta ɗora a kan tebur.