Rabi da Saƙon Wake

Shekara huɗu ke nan da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta a nan Landan, kuma har yau ban gama gyara ɓarnar da na yi mata da yatsa ɗaya ba.

Rabi bincike take yi a kan wasu ƙananan sinadarai da tsiro ke haɗawa don kada funfuna ta ci shi. Masu shagunan titin Rye Lane sun san ta da neman waken da ya fara lalacewa, har wata ta taɓa ƙara mata mudu kyauta, a zatonta babu ce. Ta taɓa gaya mini cewa a farantin gwaji sinadaran kan kashe funfuna, wani lokaci har da ƙwayoyin ciwon daji. Rabin farko na riƙe, gargaɗin da ya biyo baya ya wuce ta bayan kunnena.

Rannan na tambaye ta a waya me take yi takamaimai. Ta rubuto: "Yaya, wake yana da maganin kansa." Nufinta, shi ke yi wa kansa magani. Ni kuwa, da ɗokin yayan Dakta, na karanta kansa ta ciwon daji, na tura wa dangi kaf haɗe da hotonta.

"Ka yi delete, Yaya," in ji ta. "Faranti daban, jikin mutum daban. Wani mai ciwon daji zai bar chemo, maganin asibiti, saboda ni."

Na goge, amma magana zarar bunu ce. Da ciwon dajin ya zo kan ita Rabi, ko sau ɗaya ba ta tsallake asibiti ba, har Allah ya karɓi abarsa.

Takardun bincikenta suna nan, masana ƙalilan ke buɗe su. Jimlar da na karkatar kuwa tana ta yawo a wayoyi. Da tana raye, na san da ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana gyarawa. Wannan ne ke ƙona mini rai.

Watan jiya aka ga ƙari a ƙirjin Goggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu da ke Funtuwa. Ta ƙi asibiti, ruwan wake take sha. Na kira ta, na rantse mata kuskuren nawa ne, har na yi kuka.

Allah ya jiƙan Rabi, ni kuma ya yafe mini. Litinin likita ke jiran Goggo. Ta ce ba za ta je ba, ita ba za ta ƙaryata mamaciya ba.