Baba Kunne da Kaset ɗin Tela

Ƙarfe bakwai na safe yake ɗage ƙofar shagonsa, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, inda mutum biyu ba sa tsayawa sai sun taka juna. Zai goge rikoda da auduga, ya sa fensir ya naɗe zaren kaset ɗin da ya warware, sannan ya zauna jiran jama'a. Shekara talatin da huɗu ke nan. Baba Kunne muke ce masa, kuma ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don kunnen da ya jawo masa sunan ya fara nauyi.

Taurin kai gare shi, ko a gabansa zan faɗa. Ka ce ya ba ka kaset ɗin da ya fi kowanne daɗi a duniya, sai ya harare ka ya ce, "A kunnen wa?" Ba ya zaɓen waƙa sai ya san mai jin ta.

Direban motar hayar layinmu shaida ne. Amininsa tela ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, wata uku ko "ruwa" bai iya cewa ba. Likita ta ce a riƙa kunna masa waƙoƙin da yake so, ko Allah zai sa bakin ya buɗe. Direba ya zo a gigice.

"Baba, haɗa mini guda biyar, waɗanda ba a taɓa yin irinsu ba."

"Naka ko nasa?"

Shekara ashirin direba yana tare da tela, amma kullum a motarsa suke jin waƙa, kuma zaɓinsa ake sawa. Kunya ta kama shi.

"To me yake rerawa in yana taka keken ɗinki?"

Direba ya daure ya rera ɗan abin da ya tuna, da muryarsa mai kama da fasasshiyar salansa.

"Kai, ɗan nan, ka ci amanar waƙar nan! Sake."

Kwana huɗu Baba yana sauke kwalaye, yana manna kunnensa mai dama-dama a jikin rikoda, har ya samo shi: wani kaset da rubutunsa ya goge, na wata mawaƙiya da aka daina tambaya tuntuni. Ya liƙe zaren inda ya tsinke, ya rungumi rikodarsa ya bi direba gidan tela.

Matar tela ce ta ba ni sauran labarin. Waƙar farko, shiru. A ta biyu ƙafarsa mai lafiya ta fara motsi kamar yana taka keke. Da ta uku ta zo kan amshi, sai ya kama da karkataccen bakinsa, kalma uku cur. Ta ce fita ta yi ta sha kuka har ta gode Allah. Wallahi ni ma idona ya ciko.

Kai ne, Baba, mai sauraren mutum kafin ya saurari kiɗa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Mu kuwa, in za mu yi wa aboki zaɓi, mu fara tambayar kanmu: namu ko nasa?

Jiya tela ya zo shagon yana dogara sanda. A hankali maganar take fita, amma kowa ya ji ta.

"Baba, in kunnen ya ƙi, kada ka damu. Ni zan riƙa zuwa ina rera maka da ƙarfi."