Man Shanun da Na Hana Baba

Ni ce na hana Inna sa wa Baba man shanu a magani, kuma da bakina na yi, har da ɗaga murya.

Baba tela ne a kasuwar Sabon Gari, keken ƙafa yake takawa, gwiwa kuma ta daɗe tana damunsa. Kullum da safe Inna takan soya garin kurkum a man shanu ta zuba masa a koko. Ni kuwa lokacin ina karatun harhaɗa magunguna a Samaru, ba na ganin kowa da gashi. Na ce maiƙo zai toshe masa jijiya, a riƙa dama masa a ruwan zafi kawai. Inna ta ce, “To, likita, mun ji.”

Kafin damina ta wuce, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Baba ya sayar da keken, ya koma zaman tabarma a zaure. Muka ce tsufa ne.

Da shekara ta zagayo, malamina ya ba ni aikin bincike, kuma a kan kurkum ɗin nan. Na raba ɓeraye gida biyu. Wasu na ɗura musu shi a ruwa, wasu kuma a cikin ɗigon mai mitsi-mitsi da ido ba ya gani, sannan aka auna jininsu. Ranar da sakamako ya fito, da hantsi, sau uku na karanta takardar. Masu mai, magani ya shiga jini. Masu ruwa kuwa kamar ba a ba su komai ba.

Malam ya ce, “Ai ba ya narkewa a ruwa. In mai bai rako shi ba, yadda ya shiga hanji haka yake fita.”

Wato wata da watanni ruwa mai launi nake sa a ba ubana. Ko man zai ceci gwiwar, Allah kaɗai ya sani, amma ni na hana a gani.

Na hau bas zuwa Sabon Gari, ko farar rigar ɗakin gwaji ban cire ba. Na tarar da Inna tana tankaɗe, na zayyana mata komai. Ta ajiye rariyar.

Can ta ce, “Tun makon farko na gane. Na ce masa mu koma wa man. Ya ce a'a, kada ki zo ki ga an raina karatunki.”

Daga zaure na ji Baba yana tambaya ko likitarsa ce ta zo.